Wasiƙa ga Kawu daga Arizona: yadda ake ɗura harsashin gasa a nan

Assalamu alaikum, Kawu. Da fatan kuna lafiya, ku da su Inna da duk mutanen gida. Yaya ya gaya mini kun ji an ce ina ɗura harsashi da hannuna a Amurka, kuna son jin yadda abin yake. Tun da a wurinku na fara jin warin albarushi, ina ƙarami ina riƙe muku burgami, ku kuka fi cancanta in zauna in yi wa bayani.

Ba farauta nake yi ba. Gasa ce ta harbi da bindigar hannu. A arewacin birnin Finiks akwai wani makeken filin harbi, Ben Avery, wanda hukumar kula da namun daji da kifaye ta jihar Arizona ke gudanarwa, can nake zuwa yawancin Asabar. Ana kafa allunan kwali da farantan ƙarfe, mutum ya bi su yana harbi yana gudu, ana duba saitinsa ana kuma ƙirga lokacinsa. To duk shurin da bindiga ta yi, sai ka ɓata lokaci kafin ka dawo da ita kan saiti. Abin da ya sa 'yan gasa ke ɗura nasu ke nan, su rage masa ƙarfi ya yi laushi a hannu.

Amma ragewar tana da iyaka, kuma nan ne abin ya fara burge ni. Ƙungiyar USPSA da ke tsara gasar ta ce a ninka nauyin kan harsashi, a ma'aunin da suke kira giren, da gudunsa na ƙafa nawa a daƙiƙa, a raba da 1,000. Abin da ya fito kada ya gaza 125. A manyan gasa jami'ai kan karɓi 'yan harsasai daga aljihunka, su zare kan ɗaya su ɗora a sikeli, su harba wasu ta gaban na'urar auna gudu. In ka gaza, ka ci gaba da harbinka amma ba maki. Nawa kan mai giren 147 ne, yana tafiya wajen ƙafa 880, lissafin ya ba da 129. Da gangan na bar ratar nan, don sanyi da zafi suna taɓa gudun harsashi, ga shi zafin bazarar nan kan haura digiri 43.

Kayan aikin kuwa, Kawu, a shago suke a jere kamar kayan miya. Kwanson tagulla ba na saye, bayan gasa muke tsince shi a ƙasa. Ana goge shi a wata 'yar na'ura mai jijjiga, kuma kun san da me? Da niƙaƙƙiyar totuwar masara. Totuwar da muke hura wuta da ita, a nan cikin leda ake sayar da ita da kuɗi. Albarushi a gorar roba yake zuwa, nauyin laba guda giren 7,000 ne, ya isa ɗura sama da dubu. Kamfanoni irin su Hodgdon da Lyman da Hornady suna buga littattafai da ke faɗin mafi ƙaranci da mafi yawan abin da za a zuba wa kowane irin kai, kuma mai hankali ba ya fita daga tsakanin nan. In ka yi oda ta intanet a kawo har ƙofa, sai dai akwai ƙarin kuɗi na musamman kan dakon kaya masu haɗari.

Ina roƙonku ku riƙe wannan, ku kuma gaya wa samarin da ke binku daji. Albarushin nan marar hayaƙi ba irin baƙin da kuke ɗura wa adaka ba ne. Ƙarfinsa ya fi abin da bututun bindigar toka zai ɗauka. Duk wanda ya fasa harsashin zamani ya juye a cikinta, a hannunsa za ta tarwatse.

Injin da nake ɗurawa da shi na Dillon ne, masana'antarsu na nan kusa a Scottsdale. Kana jan hannu, yana cire tsohuwar hular da ke tada wuta, ya sa sabuwa, ya zuba albarushi, ya dasa kai. An san su da garantin da ba ya ƙarewa a kan irin waɗannan injinan. Duk da haka inji ba ya maye gurbin ido. Wani dare na dawo aiki a gajiye na zauna ɗuri, waya ta yi ƙara na amsa, ashe kwanso ɗaya ya wuce ba albarushi. Ranar gasa na ja kunama, sai na ji "tus" maimakon ƙara. Kafin in sake taɓawa jami'in da ke bayana ya daka tsawa in tsaya. Muka zura sanda, ga kan harsashi a maƙale tsakiyar bututu. Da na bi shi da na biyu, Allah kaɗai ya san abin da zai sami yatsuna. Tun ranar na ɗaura fitila a kan injin, nake leƙa kowane kwanso, wayar kuma tana ɗaya ɗakin.

Ba komai ne ya fi na gida ba. A 2020 da 2021 hulunan nan suka ɓace daga kasuwa. Kwalin 1,000 da muke saye wajen dala 30 ya haura 100, shi ma sai an yi sammako. Gyara kuma ya fi ba ni takaici. Na kai bindigata wurin wani mai gyara don ɗan aikin saiti, ya rubuta sunana a layi, sai da na yi mako shida kafin ya kira ni, kuɗin aikin ya kusa na cefanen mako. Na tuna makerinku ranar kasuwa, yadda za ku miƙa masa adaka ku zauna a inuwa kuna hira, kafin la'asar ya ɗaure ƙota ya gyara kunama. A nan ban sami mai irin wannan hannun da za ka zauna kusa da shi kana kallo ba.

Yaran da ke turo mini saƙo in aiko musu da kaya, ku gaya musu su daina. Dokar makamai ta Najeriya ba ta sake wa farar hula bindigar hannu haka nan ba, kuma fitar da kayan nan daga Amurka ba izini babban laifi ne. Ni kaina sai da na sami takardar zama ta dindindin na fara.

Abu ɗaya nake nema. Ɗan ƙahon nan da kuke awon albarushi da shi, in yana nan, ku sa Yaya ya ɗauko mini hotonsa. Wani dattijo da muke gasa tare yana harbin bindigar toka irin ta da, na ba shi labarinku, ya matsa sai ya gani. A gaida Inna, a ce mata yajin ya iso.