Jirgin rimot na farko: wanne ya dace da ɗan koyo a Accra?

Duk mai shiga wannan wasa idonsa kan fara faɗawa kan jirgin yaƙi mai tsinin hanci. A bar shi tukuna. Fiffikensa a ƙasa yake, ga gudu, kafin ɗan koyo ya tuna ina dama ina hagu, jirgi ya kafa hanci a ƙasa. Ka nemi mai fiffike a sama, wanda bakunansa biyu suka ɗan ɗaga. Idan ya karkata ka saki sandar rimot, da kansa yake miƙewa.

Jiki kuwa, a zaɓi na soso, EPP ko EPO. Idan ya tsage, gam ya isa. Na katakon balsa ya fi kyan gani, amma faɗuwa ɗaya sai a tsince shi guntu-guntu. Faɗin fiffike ya kasance mita 1 zuwa 1.4. Ƙananan nan masu santimita 60 sun fi araha, sai dai iskar teku da ke tasowa da rana a Accra wasa take yi da su kamar leda. Mai farfela a bayan fiffike, irin AeroScout na HobbyZone ko Bixler, ya fi jure dukan hanci, don farfela da inji ba sa taɓa ƙasa.

Mai sarrafi 3, wato gudu, sama da ƙasa, da juyi da jela, ya fi sauƙi. Mai 4 ya ƙara karkatar da fiffike, kuma shi ne zai daɗe a hannunka, in dai yana da na'urar daidaita kai kamar SAFE.

Ka duba kwali. Mai alamar RTF, wato shirye don tashi, na zuwa da rimot, yawanci har da batir da caja. Mai alamar PNP, wato jirgin da injinsa kawai, ba rimot, ba na'urar karɓar umarni, ba batir, don haka arhar tasa ruɗi ce ga wanda bai da komai. Batirin LiPo, irin da jiragen nan ke amfani da shi, mai ɗaki 3, wato ƙananan batura uku a haɗe, volt 11.1 ne. Kada ɗaki ya sauka ƙasa da 3.3, kada a bar shi cikin mota a rana, kumbura yake yi. A sayi biyu, da farfela ta ajiya.

Mazauna Nima da Maamobi su tuna filin jirgin saman Accra a bayan gidansu yake. A tuntuɓi GCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana, kan rajista, a fita bayan gari da sassafe, a tashi ana fuskantar iska.