Wuni ɗaya a Rum: Kolosiyum ko Fatikan?

Malam, ka ce jirginka zai sauka Rum da asuba ya tashi da dare, kana tambaya wanne za ka bi tsakanin Kolosiyum, tsohon filin wasan Rumawa, da Fatikan, mazaunin Fafaroma. Kada ka haɗa biyun. Kowanne zai ci maka rabin wuni, ga kogin Tiber a tsakaninsu, sai ka ƙare a layi da gudun cim ma lokaci.

Farkon tafiyar ɗaya ne. Daga filin jirgin Fiumicino ka hau jirgin ƙasa na Leonardo Express, minti 32 zuwa tashar Termini. Ka bar akwatinka a ma'ajiyar kaya ta tashar. Bizar Shengen ta ishe ka, Fatikan ba ta neman wata.

Kolosiyum na kan layin B na jirgin ƙarƙashin ƙasa, tasha biyu kacal daga Termini. An buɗe shi a shekara ta 80 Miladiyya, zamanin sarki Titus. Tikitin Yuro 18 ne, kuma da shi za ka shiga kufan tsohuwar kasuwa da majalisar Rumawa da tudun Palatino da ke gefensa. Inda mutane ke faɗuwa shi ne tikitin na da sa'ar shiga, da sunanka a kai. In ka makara ko ka zo ba fasfo, za a iya juya ka a ƙofa. Ba a shiga da babbar jaka ko kwalba, kuma ba wurin ajiya a can. Daɗin wannan ɓangaren shi ne in ka fito, ƙafa ce za ta kai ka dandalin Venezia, da tsohon wurin ibada na Pantheon, da maɓuɓɓugar Trevi, ba sai ka sake hawa komai ba. Aibinsa rana. A Yuli da Agusta kufan nan ba inuwa, duwatsun da aka shimfiɗa a titi kuma suna cin takalmi mai tsini. Ka riƙe gorar roba, akwai famfunan ƙarfe a bakin titi da ruwa ke zuba ba yankewa, mai sanyi, kyauta.

Fatikan kuwa layin A ne, ka sauka Ottaviano. Shiga gidan tarihinta Yuro 20 ne, da ƙarin 5 in ka saya ta intanet, kuma ka biya ƙarin nan, don layin masu saye a ƙofa yakan zagaye ganuwa. A ciki hanya ɗaya ce, jama'a na tura ka har ɗakin ibada na Sistina da mai zane Michelangelo ya zana rufinsa daga 1508 zuwa 1512. Ba a ɗaukar hoto a nan. Dole sutura ta rufe kafaɗa da gwiwa. Ran Lahadi gidan tarihin a rufe yake, sai Lahadin ƙarshen wata. Cocin Saint Peter kyauta ne, amma safiyar Laraba, in Fafaroma na ganawa da jama'a, yakan kasance a rufe ga baƙi. In da iyali kake, ka sani akwai gumaka da zane-zane na tsirara da yawa.

Mu dai Kolosiyum za mu ba ka, don shi ne zai nuna maka garin kansa. Fatikan ta fi in ana ruwa ko zafi ya yi tsanani, ko in ziyarar ibada ce ta kawo mutum.

Ka kula da aljihunka a Termini da bas mai lamba 64. Babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, yana can arewa da tsakiyar gari, nesa da duk hanyoyin nan biyu. Abincin halal kuwa yana nan a unguwar Esquilino, bayan Termini. Ka koma tashar sa'a huɗu kafin jirginka ya tashi.