Preppy, Kakuno, Metropolitan ko Safari: wane alƙalamin tawada ne zai jure Abuja?

Mai neman alƙalamin tawada mai sauƙin kuɗi yakan tsaya ne tsakanin sunaye kaɗan: Platinum Preppy, Pilot Kakuno, Pilot Metropolitan, Lamy Safari, sai Jinhao na China da ke cike a AliExpress. Dukkansu bakin ƙarfe gare su, kuma kowanne zai yi rubutu mai kyau a ranar da aka ciro shi daga kwali. Bambancin yana fitowa ne bayan wata biyu, kuma a Abuja abu uku ne ke fito da shi: takardar da muke rubutu a kai, bushewar hunturu, da inda za a samo tawada idan wadda ta zo da shi ta ƙare.

A fara da takarda, don ita ce ke yanke hukuncin kaurin baki. Littafin rubutu na 'yan makaranta da ake saya a kasuwar Wuse, da takardun fayil na ofisoshi, yawancinsu sirara ne masu shan ruwa. Baki mai sakin tawada da yawa yana sa harafi ya yi gashi-gashi a gefe, tawadar ta ɓullo ta bayan shafi, a rasa amfanin bayan gaba ɗaya. Ko farar takardar A4 mai giram 80 ba kowace ce ke riƙe tawada ba. Maganin shi ne siririn baki, sai dai harafin da aka buga a jikin bakin don nuna kaurinsa (EF siriri sosai, F siriri, M matsakaici) yana ruɗar mutane. Bakin kamfanonin Japan ya fi na Jamus sirantaka da kusan mataki guda: M na Pilot ya yi kusa da F na Lamy, F na Pilot kuwa yakan fi EF na Lamy ma sirantaka. Platinum ta sauƙaƙa abin a Preppy, ta buga 02, 03 da 05, wato kaurin layin da milimita 0.2, 0.3 da 0.5. Ga mai rubutu a takardar gama-gari, 03 na Preppy ko F na Pilot shi ne daidai. Mai rubutun Larabci ko ajami ya fi kowa buƙatar wannan, domin yana tafiya daga dama zuwa hagu, hannunsa na bi ta kan abin da ya rubuta yanzu-yanzu, kuma siririn layi ya fi saurin bushewa.

Preppy shi ne mafi araha cikin na Japan, ƙasa da dala 10 a waje, kuma murfinsa ya fi na sauran duka. A cikin murfin akwai wani ƙaramin murfi da ke kan sifirin, wanda ke matse kan alƙalamin idan an rufe. Kamfanin ya ce tawada za ta kai shekara ba ta bushe ba. Ko ba a je can ba, alƙalamin da aka manta a durowa tun Disamba aka ɗauko a Fabrairu ya kama rubutu nan take ya biya kuɗinsa. Matsalarsa roba ce mai gautsi. Bakin murfin yana tsagewa idan ana cusa shi da ƙarfi a gindin alƙalami lokacin rubutu, kuma da zarar ya tsage iska ta samu hanya. Wanda ke son wannan bakin da wannan murfin a jiki mai ƙwari ya nemi Plaisir, ƙanensa mai jikin alminiyam.

Kakuno da Metropolitan 'yan gida ɗaya ne, bakinsu iri ɗaya ne har ana iya musanya su, don haka wanda ya ƙara kuɗi ya sayi Metropolitan ba rubutu mafi kyau ya saya ba, jiki ya saya. Metropolitan na tagulla ne, nauyinsa wajen giram 26, yana da maƙali, kuma yana da kwarjinin da za a sa shi a aljihun kaftani a shiga taro. Amma akwai wani tudu mai kaifi tsakanin gangar jikinsa da wurin riƙo, wanda ke damun mai riƙe alƙalami daga sama, kuma wurin riƙon siriri ne ga mai manyan yatsu. Kakuno roba ne mara nauyi mai kusurwa shida, an yi shi ne da yara a zuciya, har da 'yar fuska mai murmushi a bakinsa, kuma ba shi da maƙali. Wasu za su raina shi saboda haka. Sai dai yana da wata fa'ida da Metropolitan ba shi da ita: cikinsa yana ɗaukar mazuƙin tawada (ɗan bututun da ake zuƙo tawada da shi daga kwalba) na Pilot mai suna CON-70, wanda ke shan kusan mililita 1, alhali Metropolitan sai CON-40 mai mililita 0.4 ko kuma 'yar jakar matsawa da ke zuwa da shi, wadda ba a ganin abin da ya rage a cikinta. Ɗalibin da ke ɗaukar lacca daga safe zuwa azahar zai ji wannan bambancin a jikinsa. A ganinmu, idan rubutu ne manufa ba ado ba, Kakuno mai baki F tare da CON-70 ya fi kowane zaɓi a wannan farashi.

Safari kuma dabam yake. Tun 1980 Lamy ke yin sa a Heidelberg ta Jamus, da irin robar nan mai tauri da ba ta jin faɗuwa, ga babban maƙali na waya da ke kama aljihu da kyau, ga taga a jiki da ake ganin tawada. Bakinsa yana zarewa cikin sauƙi: a manna selotef a kansa a ja gaba, a zura wani. Wato da alƙalami ɗaya mutum zai iya mallakar EF na ofis da mai faɗin milimita 1.1 ko 1.5 na ƙawata rubutu. Wurin riƙonsa mai kusurwa uku ne, yana tilasta wa yatsu zama wuri ɗaya. Wanda riƙonsa ya dace da haka zai ji daɗi, wanda bai dace ba kuwa ba zai taɓa sabawa ba, don haka a riƙa shi a hannu kafin a biya idan da hali. Farashinsa wajen dala 30 ne, kuma mazuƙinsa Z28 dabam ake sayensa. Nan ne inda ake cin kasuwar mutane: Safari na cikin alƙaluman da aka fi yi wa jabu. Duk wanda ya kawo maka shi a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa, har da mazuƙi kyauta a kwali, to ka yi shakka. Na jabun bakinsa yakan yi kwance-kwance a kan mazauninsa, murfinsa kuma ba ya riƙe iska.

Jinhao ba jabu ba ne, sunansa yake ɗauke da shi, kuma yawanci yana zuwa da mazuƙinsa. Abin da ke damunsa rashin tabbas ne: cikin guda uku ɗaya na iya yin santsi kamar na dala 50, ɗaya ya yi karce. Samfuransa X450 da X750 suna da nauyi, suna sakin tawada da yawa, kuma murfinsu yakan bar baki ya bushe cikin kwana biyu ko uku a lokacin hunturu. Sun dace da mai son koyon gyaran baki, ba su dace da alƙalamin farko ba.

Maganar tawada ita ce mutane ke mantawa sai sun saya. Pilot, Platinum da Lamy kowanne da irin katirij ɗinsa, wato ɗan bututun roba mai cike da tawada da ake cusawa a cikin alƙalami; na wannan ba ya shiga na wancan, kuma ba kowane shagon kayan rubutu ne a Abuja ke ajiye su ba. (Akwai Metropolitan da ake sayarwa a Turai da sunan MR, shi kuma katirij na gama-gari yake ɗauka, ba na Pilot ba. A tambayi mai sayarwa wanne ne.) Hanyar da ta fi sauƙi ita ce kwalbar tawada da sirinji mai mililita 5 daga kemis. A dakushe tsinin allurar ko a yanke shi, a wanke katirij ɗin da ya ƙare da ruwa, a bar shi ya bushe, a cika shi a bar ɗan sarari a sama. Kwalbar Parker Quink mai mililita 57 za ta cika katirij ɗin Pilot mai mililita 0.9 sau fiye da 60. Bakin katirij yana saki idan an daɗe ana cire shi ana mayarwa, kuma alamar ita ce tawada a wurin riƙo, sai a canja shi. Tawadar Pelikan 4001 ba ta da saurin gudu, don haka tana taimaka wa alƙalami mai zubar da tawada a takarda mara kyau.

Kada a kuskura a zuba tawadar allo, komai kyan baƙinta. Ƙaron da ke cikinta yana daskarewa a siririyar hanyar da ke ƙarƙashin baki, wadda ba ta fi kaurin gashi ba sosai. Haka tawadar hatimi da ta firinta. Mai sa hannu a takardun da ruwan damina ka iya taɓawa ya nemi tawadar Platinum Carbon Black, wadda ruwa ba ya wanke ta, amma ita tana son wanki akai-akai, kuma a Preppy ta fi zama lafiya saboda murfinsa.

Zafi ma yana da nasa. Iskar da ke cikin katirij da ya kai rabi tana buɗewa idan ta ji zafi, ta turo tawada cikin murfi. Motar da aka ajiye a rana a watan Maris ta isa ta jawo haka. Hawa tudu ma haka yake yi: mai tafiya Jos ta Akwanga yana tashi daga ƙasa da mita 500 zuwa wajen mita 1,200, kuma a Hawan Kibo alƙalamin da ke kwance a jaka zai iya yin amai. A cika shi taf kafin tafiya, a tsayar da shi baki sama.

Idan sabon alƙalami ya iso, kafin a sa masa tawada a wanke shi da ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke, a ɗauraye da ruwa zalla, domin maiƙon masana'anta ne ke sa yawancin sababbi tsallake harafi. Ruwan zafi yana lanƙwasa robar ciki, sifirit kuma yana tsattsaga jikin Preppy da ire-irensa. Daga nan a ja layi sama, ƙasa, dama da hagu. Idan ya yi karce ta gefe ɗaya kaɗai, to ɗaya daga cikin ƙafafun bakin biyu ta ɗara 'yar'uwarta tsayi. A duba da kyamarar waya an jawo hoton kusa, a danna wadda ta ɗaga da farce a hankali, a sake gwadawa. Kada a goga shi a kan dutse ko sanfefa, domin ɗan ƙwallon da ke tsinin idan ya cinye ba ya dawowa. Bayan haka wanki sau ɗaya a wata ya wadatar, sai dai a hunturu a riƙa mayar da murfi ko da minti biyu za a yi ana sauraron waya.