BRT ta Legas: daga Mile 12 zuwa CMS

A watan Maris na 2008, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, motocin BRT, wato manyan bas-bas masu bin hanyarsu ta musamman, suka fara aiki a Legas ƙarƙashin LAMATA, hukumar kula da sufuri ta birnin. Layin farko ya tashi daga Mile 12, ya bi titin Ikorodu zuwa CMS a tsibirin Legas, kimanin kilomita 22. A 2015 aka miƙa shi har garin Ikorodu, sannan a 2020 aka buɗe na Oshodi zuwa Abule Egba.

Amfanin BRT duka yana kan hanyar da aka keɓe mata da shingen kankare. Danfo, wato ƙananan motocin haya masu ruwan ɗorawa, na tsaye cikin cunkoso, ita tana wucewa. To amma inda shingen ya yanke, kamar mahaɗar tituna, sai ta koma cikin sahun kowa, nan ne lokaci ke tafiya.

Ba a biyan kwandasta kuɗi a hannu. Katin Cowry za ka saya a tasha, ka loda masa kuɗi, ka ɗora a na'ura lokacin shiga. Ka duba ragowar kuɗinka kafin ka shiga layi, don kati babu kuɗi yana nufin komawa baya.

Matsalar ita ce safiya da yamma: layi ya yi tsawo, motoci ba sa isa. Kayan gyaransu daga waje ake shigo da su, in dala ta tashi gyara ya yi wuya.

Ga ma'aikaci BRT ta fi danfo nesa ba kusa ba. Ɗan kasuwar Mile 12 mai kwandon tumatir ko buhun albasa kuwa, ya nemi motar kaya.