GitHub ya raba mu da yawo da filas

Mu biyar malam ya haɗa a zangon da ya wuce, ya ce mu gina manhajar ɗakin karatu cikin mako goma. Da farko da filas muke yawo, kowa da nasa kwafin, har aikin kwana uku na wata 'yar rukuninmu ya bi ruwa. Ranar sai da ta yi hawaye, ni ma raina ya ɓaci ƙwarai.

Daga nan muka koma GitHub, shafin intanet da masu gina manhaja ke ajiye aikinsu su yi shi tare. Tun 2020 rumbun sirri, wato ma'ajiyar aiki da sai wanda aka ba izini ke gani, kyauta ne komai yawan masu aiki a ciki, ko kwabo ba mu biya ba. Abin da ya fi burge ni tarihin aikin ne: kowane layi da sunan wanda ya rubuta shi da ranar. Da malam ya zo ba da maki bai tambayi kowa ba, shafin kawai ya buɗe. Wanda ya yi ta laɓewa a bayanmu, gyara biyu kacal aka gani da sunansa.

Koyon Git kam, wato manhajar da muke tura gyare-gyarenmu GitHub da ita, sai da haƙuri. Ranar da gyarana ya ci karo da na abokina, a kansa muka kwana. Data kuwa kaɗan yake ci, tunda rubutu muke turawa.