Manhajar kiran gobara: ta intanet ko ta cikin ofis?

Tun da ofisoshin kashe gobara suka fara barin littafin rajista, tambaya ɗaya ake ta yi mini: a ɗauki manhajar da ke ajiye bayanai a intanet, ko wadda ake girkawa a kwamfutar ofis? Aikinsu ɗaya ne: rubuta lokacin da kira ya shigo, unguwar, motar da ta fita da mintin da ta isa.

Ta intanet haya ce, ana biya duk wata ko shekara, galibi da dala. Ta ofis kuwa sai an sayi na'ura, batir da sola, an kuma tanadi mai gyara. Kuɗin farawarta ne da nauyi.

Abin da ya fi damuna shi ne daren hunturu. Ƙarfe biyu, iska na kaɗawa, wuta ta kama rumfunan kasuwa, sabis ya ɗauke. Ta intanet sai ta tsaya cak, in ba an gina ta da ajiyar wucin gadi, wadda ke riƙe bayanai har sabis ya dawo, ba. A tambayi mai sayarwa wannan kafin a sa hannu. Ta ofis za ta ci gaba da aiki, amma ranar da kwamfutar ta lalace ba a kwafi komai ba, bayanan shekaru sun tafi.

Birni mai rassa da yawa kamar Kano, inda kira ke zuwa har ta lambar gaggawa 112, ta intanet ta fi dacewa da shi, don kowane reshe yana ganin motocin ɗan'uwansa. Ofishi ɗaya a ƙaramar hukuma mai raunin sabis, ta cikin ofis za ta fi yi masa.