Sharhi: Doguwar Wasiƙar Ramatoulaye Ga Aminiyarta

Littattafan da ake rubutawa a kan aminai mata da suka girma tare suna da wani hali da ya fara gundura ta. Mace ta kai hamsin, aure ya mutu ko miji ya rasu, aminiya ta share mata hawaye na babi biyu, sai wani dattijo mai kuɗi da hankali ya ɓullo, a ɗaura aure, a rufe littafi. Aminiyar dai 'yar rakiya ce. Da wannan zargin na ɗauki littafin Mariama Bâ, marubuciyar ƙasar Senegal, wanda ya fito da Faransanci a 1979 da sunan Une si longue lettre. Fassarar Turancin na karanta, So Long a Letter, wadda Modupé Bodé-Thomas ta yi a 1981. Siriri ne, bai kai shafi ɗari ba, shi ne kuma ya fara cin kyautar Noma ta littattafan Afirka a 1980.

Daga farko har ƙarshe wasiƙa ce guda. Ramatoulaye, malamar makaranta a Dakar mai 'ya'ya 12, tana cikin takabar wata huɗu da kwana goma bayan mijinta Modou Fall ya yanke jiki ya faɗi a ofis. Ta ɗauki alƙalami tana rubuta wa Aissatou, wadda suka taso tare tun suna bin hanyar makarantar allo, suka kuma zama malamai tare. Dukansu an yi musu kishiya. Modou ya auri Binetou, ƙawar 'yarsu Daba, bayan shekara 25 da aure, ya kuma ɗauke ƙafa daga gidan uwargida gaba ɗaya. Ramatoulaye ta zauna. Aissatou kuwa, da mijinta likita Mawdo ya bi umarnin mahaifiyarsa ya auri wata yarinya mai suna Nabou, domin tsohuwar ba ta taɓa yafe masa auren 'yar maƙerin zinariya ba, sai ta kwashe 'ya'yanta maza huɗu ta yi gaba. Ta koma karatu, ta koyi aikin tafinta, ta samu aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka.

Abin da ya riƙe ni shi ne babu wadda ta ga laifin 'yar'uwarta. Wadda ta fita ba ta kira wadda ta zauna sakarya ba, wadda ta zauna ba ta ce wa waccan ta yi gajen haƙuri ba. A rayuwa kuwa a daidai irin wannan mararrabar zumunci ya fi yankewa.

Inda na fi so a littafin bai da wani armashi in an faɗe shi a baki. Bayan Modou ya juya baya, Ramatoulaye ta koyi biyan kuɗin wuta da na ruwa da kanta, da neman mai gyara in makulli ya lalace, da shiga silima ita kaɗai ana bin ta da kallo. Ta yi wa Aissatou ƙorafin yadda 'ya'yanta ke shan turereniya a motar haya alhali amarya na yawo a Alfa Romeo. Aissatou ba ta aiko da wa'azin haƙuri ba. Sai kawai aka kira Ramatoulaye daga kamfanin Fiat aka ce ta zo ta zaɓi mota, an riga an biya. Ta zaɓi Fiat 125, ta shiga koyon tuƙi cikin fargaba har ta karɓi lasisi. Na ajiye littafin a nan na ɗan yi shiru. Mai shekara kusan hamsin tana riƙe da sitiyari hannu na rawa, a wurina wannan ce sabuwar rayuwar da littafin ke nufi, kuma aminiya ce ta buɗe ƙofarta.

Manema ma ba a rasa su ba. Tamsir, wan mamacin, ya zo da maganar aure bayan sadakar arba'in, tare da Mawdo da liman, mutum ukun da suka taɓa zuwa yi mata albishir ɗin kishiya. Ta wanke shi tas a gabansu, ta tuna masa matansa uku da ya kasa ɗaukar nauyinsu. Wannan ya yi daɗin karatu, amma mai sauƙi ne, kowa zai ƙi Tamsir. Mai wuyar shi ne Daouda Dieng, likita, ɗan majalisa, mutumin kirki da ya so ta tun tana budurwa, wanda mahaifiyarta ta fi so a kan Modou. Shi ne dattijon nan da na ce yana ɓullowa a ƙarshen irin waɗannan littattafai. Ta ƙi shi a rubuce. Girmama shi take yi, ba son shi ba, ga shi da mata da 'ya'ya, ba za ta shayar da wata abin da aka shayar da ita ba. Ta nemi su tsaya a kan abota, ya ce bai san wannan ba. Maƙwabciyarta Farmata, mai duba da wuri, wadda ta kai wasiƙar ba tare da sanin abin da ke ciki ba, ta dawo kamar ta ci babu. Ni ma wani sashe na zuciyata yana bayan Farmata, kuma littafin bai yi ƙoƙarin lallashi na ba.

Akwai inda ya gaza. Babi bayan babi Ramatoulaye na ba Aissatou labarin auren Aissatou, abin da mai shi ta fi kowa sani. An san mai karatu ake gaya wa, ɗinkin ya fito fili. Aissatou kuma ba ta da baki, in ban da gajeriyar takardar da ta bar wa Mawdo ranar tafiyarta. Ba ta kuskure, ba ta kishi, ba su taɓa ko ɓatawa ba. Zumuncin shekara arba'in da ɗoriya babu saɓani ko sau ɗaya? Da sake. Littattafai huɗun da Elena Ferrante ta fitar tsakanin 2011 da 2014 a kan Lila da Elena, aminai 'yan birnin Napoli, sun fi shi gaskiya ta wannan fuskar, don a can hassada da ƙauna a kwano ɗaya suke ci. Sannan Ramatoulaye tana da ɗan girman kai na 'yan boko in tana zancen mahaifiyar Binetou, matar da talauci ya sa ta tura 'yarta gidan sa'an ubanta don gida da kujerar Makka. An nuna kwaɗayinta sosai, talaucin kuwa aka wuce shi da sauri. Wasu shafukan kuma lacca ce zalla a kan ilimin mata da siyasa.

Mai neman labarin da zai ƙare da biki zai ji an cuce shi, domin wasiƙar ta tsaya ne ana gobe Aissatou za ta sauka a Dakar, ba ma a nuna haɗuwar tasu ba. Mariama Bâ ta rasu a 1981, littafinta na biyu bai fito ba sai bayan rasuwarta, kuma shi na sa a gaba yanzu.